Daga Mutsuki zuwa Shiwasu: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsofaffin Sunayen Watannin Japan

Mai koyon Japananci yakan ji daɗin darasin watanni, domin lamba ce kawai: wata na ɗaya, wata na biyu, har goma sha biyu. Sai wata rana ya ci karo da Satsuki ko Kannazuki a jikin kalanda ko a cikin waƙa, ya rasa inda zai sa su. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a kan waɗannan sunaye.

Waɗanne ne sunayen, kuma me kowanne yake nufi?

Goma sha biyu ne, an kasa su uku-uku bisa yanayi huɗu na Japan. Ukun farko na lokacin tohon tsirrai ne, abin da Japanawa ke kira haru: Mutsuki, watan zumunci, domin dangi kan taru a sabuwar shekara; Kisaragi, watan ƙara tufa a kan tufa saboda ragowar sanyi; sai Yayoi, watan da ciyayi ke ƙara bunƙasa. Ukun lokacin zafi su ne Uzuki, watan wani farin fure da ake kira unohana. Satsuki, watan dashen shinkafa. Da Minazuki, watan ruwa.

Na kaka su ne Fumizuki, watan rubutu. Hazuki, watan ganye, wato lokacin da ganye ke fara zuba. Da Nagatsuki, watan dogon dare. Na hunturu kuwa Kannazuki, watan alloli; Shimotsuki, watan da raɓa ke daskarewa a kan ciyawa da asuba; sai Shiwasu, watan gudun malamai.

Kalmar tsuki ita ce wata, na sama da na lissafi, kamar dai a Hausa. Ita ce ke komawa zuki a wasu sunayen. Uku ne kawai ba su ƙare da ita a furuci ba: Kisaragi, Yayoi da Shiwasu. Waɗannan ma'anoni su ne waɗanda aka fi yaɗawa, amma a duba tambayar da ke ƙasa kan ko tabbatattu ne kafin a rantse da su.

Da waɗannan sunaye Japanawa ke kiran watanni a yau?

A'a. A ofis, a makaranta, a tashar jirgin ƙasa, lamba ake amfani da ita: ichigatsu shi ne Janairu, nigatsu Fabrairu, sangatsu Maris, haka har jūnigatsu, Disamba. Ko a zamanin da ma takardun hukuma lamba suke rubutawa. Tsofaffin sunayen na waƙa ne da wasiƙa da maganar dattako. Kusan yadda Bahaushe zai rubuta Rajab a takarda, amma a gida tsohuwa ta ce watan azumin tsofaffi, ko ta kira Muharram watan cika-ciki.

Tunda da wata ake lissafi, irin kalandar Hijira ce ke nan?

Sun haɗu a rabi, sun rabu a rabi. A duka biyun wata kwana 29 ne ko 30, kuma wata goma sha biyu yakan ba da kimanin kwana 354, wato ya gaza shekarar rana da kusan kwana goma sha ɗaya. Kalandar Hijira ta bar wannan giɓi yadda yake, shi ya sa azumi ke zagayawa, bana a zafi, bayan wasu shekaru a sanyi. Tsohuwar kalandar Japan, wadda ta samo asali daga ƙasar Sin, ba ta yarda da haka ba. Duk bayan shekara biyu ko uku sai a cusa wata na goma sha uku, sau bakwai cikin shekara 19, don watanni su tsaya kusa da yanayinsu. Manomin shinkafa yana son watan dashe ya zo lokacin dashe.

Bambanci na biyu shi ne farkon wata. Ba a jiran ganin jinjirin wata. Lissafi ne: ranar da wata ya shiga tsakanin duniya da rana, ranar da ba a ganinsa sam, ita ce ɗaya ga wata. Saboda haka ɗaya ga watan Japan takan riga ta Hijira da kwana ɗaya ko biyu. Harshen ma ya riƙe shaida. Jinjirin wata a Japananci mikazuki ne, wato watan kwana uku. Ɗaya ga wata kuma har gobe tsuitachi ake ce mata, daga tsuki-tachi, tashin wata, ko da yake yanzu ɗaya ga Maris ba ruwanta da abin da ke sama.

Wanda ya san Larabci zai gane matsalar da Japanawa suka so kauce wa. Sunan Ramadan daga tsananin zafi ya fito, Rabi'u kuma sunan lokacin tsiro ne, amma watannin suna yawo cikin shekara ba tare da yanayin da ya ba su suna ba.

Ina ake saka watan ƙarin, kuma me ake kiransa?

Ba shi da sunan kansa. Sunan wanda ya gabace shi yake ara, a sa masa uruu a gaba. Idan ya biyo wata na shida, sai a ce uruu na shida, shekarar ta zama tana da Minazuki biyu.

Wurin da zai faɗa kuwa rana ce ke nunawa. An raba hanyar rana ta shekara zuwa zango 24. Goma sha biyu daga cikinsu, waɗanda ake kira chūki, su ne ke ba watanni lambarsu. Misali, ranar da dare ya fi tsawo a shekara dole ta faɗa cikin wata na goma sha ɗaya. Tazarar da ke tsakanin chūki biyu ta ɗan fi tsawon wata guda, don haka jefi-jefi sai a sami watan da babu chūki ko ɗaya a cikinsa. Shi ne na ƙari.

Wannan ya sa talaka ba ya iya sanin kalandar baɗi da kansa. Wane wata ne mai 30, wane ne mai 29, duk shekara sauyawa suke, kuma a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ƙarshen wata ne ranar biyan bashi. Sai aka riƙa buga hotuna masu ɓoye jerin manya da ƙananan watanni a cikin zanen riga ko reshen bishiya, abokai suna musayarsu a sabuwar shekara. Yayin da aka yi na irin waɗannan hotuna a 1765 shi ne ya haifar da bugun katako mai launuka da yawa da Japan ta shahara da shi.

Yaushe aka bar tsohuwar kalandar, kuma me ya jawo?

Kwatsam aka bar ta. Gwamnatin Sarki Meiji ta fitar da sanarwa a ranar 9 ga wata na goma sha ɗaya na tsohon lissafi, daidai da 9 ga Disamba 1872, cewa kashegarin 2 ga wata na goma sha biyu zai zama 1 ga Janairu 1873. Kwana 23 kacal aka ba mutane. Shiwasu na wannan shekara kwana biyu ya yi ya mutu. Masu buga kalanda sun riga sun buga ta baɗi sun fara sayarwa, suka tafka asara.

Dalilin da aka faɗa a fili shi ne daidaita ƙasa da Turai da Amurka, waɗanda Japan ke hulɗar ciniki da jakadanci da su. Akwai kuma dalilin aljihu. Gwamnati ta koma biyan ma'aikata albashi wata-wata, baitulmali ba kuɗi, ga shi shekara mai zuwa tana ɗauke da watan ƙari, albashi goma sha uku ke nan. Da sauya kalanda sai na goma sha ukun ya ɓace, wata mai kwana biyun nan ma ba a biya shi ba. Jifa ɗaya, albashin wata biyu ya zauna a asusu. Ōkuma Shigenobu, wanda ke cikin manyan gwamnati a lokacin, ya ba da wannan labari da bakinsa daga baya.

Kalandar da aka ajiye ita ce ta Tenpō, wadda ta fara aiki a 1844. Kafin ita an yi wasu. Ta Senmyō, da aka aro daga Sin, ta yi aiki daga 862 har 1684, sama da shekara 800 ba gyara, har lissafinta ya kauce da kwana biyu. Shibukawa Harumi ne ya tsara ta farko da aka ƙera a cikin Japan, ta fara aiki a 1685.

Me ya sa sunayen ba su dace da yanayin watanninsu ba?

Nan ne gizo ke saƙar. Bayan 1873 sai aka ɗauki sunayen aka liƙa wa watannin Turawa bisa lamba: Mutsuki ya zama Janairu, Hazuki Agusta. Amma tsohuwar shekara tana farawa ne tsakanin ƙarshen Janairu da kusan 20 ga Fabrairu, saboda haka kowane suna ya matso gaba da kimanin wata guda, wani lokaci har wata ɗaya da rabi. Suna ya yi ƙaura, yanayi bai bi shi ba.

Hazuki, watan zubar ganye, yanzu ya faɗa a Agusta, lokacin da Tokyo ke tafasa, bishiyoyi kore shar. Katin gaisuwar sabuwar shekara yana cewa barka da shigowar lokacin toho, alhali 1 ga Janairu tsakiyar hunturu ne. Bikin 'yan mata na 3 ga Maris sunansa bikin furen momo, wato bishiyar da Turawa ke kira peach, amma a yawancin wurare bishiyar ba ta kai ga fure ba a ranar. Wanda ya fi ban tausayi shi ne Tanabata, daren 7 ga wata na bakwai, da ake cewa taurari biyu masoya, Orihime da Hikoboshi, suna haɗuwa sau ɗaya a shekara. A tsohon lissafi daren yakan zo cikin Agusta, damina ta wuce, sama garau. Yanzu 7 ga Yuli ne, tsakiyar damina, yara su rataya takardun fatansu a reshen gora su ɗaga kai su ga hadari.

Har ma'anar kalmomi ta juya. Satsuki-bare a da yana nufin ɗan hasken rana da ake samu a tsakiyar ruwan damina, domin tsohon wata na biyar shi ne watan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Yau mutane da yawa suna faɗinsa ne don sararin Mayu mai daɗi, kafin damina ta sauka. Wasu garuruwa sun samo dabara: su jinkirta biki da wata guda cif. Shi ya sa birnin Sendai ke Tanabata daga 6 zuwa 8 ga Agusta, kuma Obon, bikin tunawa da magabata, yawancin ƙasar ke yinsa a tsakiyar Agusta, Tokyo kuwa a tsakiyar Yuli.

An ce Minazuki na nufin wata marar ruwa. Yaya za a ce haka ga watan damina?

Rubutun ne ke ruɗar mutane. Da haruffan Sin uku ake rubuta shi: ruwa, babu, wata. Sai dai masana harshe da yawa suna ganin harafin tsakiyar don sautinsa aka aro shi, na, wanda a tsohon Japananci ƙaramar kalmar mallaka ce. Abin dariya, aikinta daidai da "na" ta Hausa, ko da yake haɗuwar sa'a ce kawai. Mi-na-zuki ke nan watan ruwa, lokacin da fadamun shinkafa ke cike. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa tsohon wata na shida yana zuwa ne bayan ɗaukewar damina, rana ta ƙwalle, don haka "babu ruwa" ma ya zauna. Ko wanne aka ɗauka, Yuni na yanzu ba shi ne watan da aka raɗa wa sunan ba, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna.

A Kyoto sunan ya koma abin ci. Ranar 30 ga Yuni shagunan kayan zaƙi kan cika da minazuki: farin tuwon garin shinkafa mai danƙo, an turara shi, an shimfiɗa jan wake mai zaƙi a kansa, an yanka shi kusurwa uku. Yankan yana kwaikwayon gutsuren ƙanƙara, wadda a da 'yan fada kaɗai ke samu a lokacin zafi daga rumbunan ƙanƙara na cikin duwatsu. Talaka da bai isa ya sha ƙanƙara ba sai ya ci kamanninta. A ranar ce kuma ake ratsa wani babban zobe na ciyawa a wuraren bautar Shinto, don kakkaɓe dauɗar rabin shekara.

Kannazuki fa? Da gaske ne wai alloli suna tafiya?

Nan ma rubutun ya ce alloli, babu, wata, kuma nan ma mai yiwuwa asalin sunan watan alloli ne, kamar na Minazuki. Amma labarin da ya tsiro daga rubutun ya fi asalin ƙarfi. A addinin Shinto ana cewa a wata na goma dukkan kami na ƙasar, wato allolinta, suna barin wurarensu su tafi taro a Izumo, a jihar Shimane ta yau, inda suke tattauna al'amuran shekara, musamman wa zai auri wa. Ko'ina a Japan watan na rashin alloli ne, ban da Izumo, inda ake kiransa Kamiarizuki, watan da alloli suke nan.

Izumo ba ta koma sabuwar kalanda a wannan sha'ani ba. Daren 10 ga wata na goma na tsohon lissafi, wanda yawanci Nuwamba ne, ake hura wuta a bakin tekun Inasa. Limamai cikin fararen kaya su tsaya suna fuskantar teku, su tarbi baƙin da ido ba ya gani, su lulluɓe rassan bishiyar sakaki da farin ƙyalle su raka su har babban wurin bauta na Izumo Taisha. A gabas da yammacin harabar akwai dogayen ɗakuna biyu, kowanne ƙofa 19, masaukin baƙin ne, kuma a kwanakin taron ake buɗe ƙofofin. Bisa al'ada mutanen gari kan rage hayaniya don kada a dami masu shawara. An ce Ebisu, na masunta da 'yan kasuwa, ba ya zuwa, shi ake bar wa gadin gida.

Su wane ne malaman da ke gudu a Shiwasu?

Ba malaman makaranta ba ne, ko da yake yara a Japan haka sukan ɗauka. Bayanin da ya daɗe yana cewa limaman addinin Buda ne, waɗanda aka san su da tafiya a natse, amma a ƙarshen shekara gidaje ke ta kiransu karatu har sai sun haɗa da sassarfa. Wasu kuma sun ce daga kalmar ƙarewa sunan ya fito, ƙarewar shekara ko ta ayyuka, aka zo daga baya aka nema masa haruffa.

A ganina shi ne sunan da sauyin kalanda bai yi wa illa ba, domin ba yanayi yake siffantawa ba, halin mutane ne. Disamba a Japan har yanzu watan sharar gida ne, da rufe lissafi, da aika kyaututtuka, da rubuta katunan gaisuwa. Shi ya sa ake jinsa a bakin masu karanta labarai fiye da sauran.

To, ma'anonin nan tabbatattu ne?

Kaɗan ne ba a jayayya a kansu. Yayoi da Shimotsuki suna cikin masu sauƙi. Sauran kuwa sunayen sun girmi bayanansu. Mutane suna furta su tun kafin ƙarni na 8, lokacin da aka fara tara tsofaffin waƙoƙi a rubuce, bayanan kuma malaman ƙarnonin baya ne suka kawo su. Haruffan Kisaragi, alal misali, aro ne kai tsaye daga wani tsohon sunan wata na biyu a Sin, ba su da dangantaka da furucin. Fumizuki ana danganta shi da rubutun daren Tanabata, amma wasu na cewa daga kumburin zangarniyar shinkafa ne.

Abin lura shi ne kusan kowane suna yana da bayani na biyu da ke komawa gonar shinkafa: jiƙa iri, dashe, ban ruwa, fitar kai, girbi. Wanda ya karanta jerin da idon manomi zai fi wanda ya tsaya kan haruffa fahimtarsa.

A ina mutum zai ci karo da sunayen a yau?

A jikin kalandar bango, a farkon wasiƙar girmamawa, a gajerun waƙoƙin haiku, da takardar abincin gidajen cin abinci na gargajiya. Sai sunayen mutane, musamman mata: Yayoi, Satsuki da Hazuki sun yi yawa, kamar yadda ake sa wa wadda aka haifa a watan azumi suna Azumi. Mai zanen nan Yayoi Kusama a Maris 1929 aka haife ta. A tseren dawaki akwai gasar Yayoi a Maris da ta Satsuki a Afrilu. Rundunar ruwan Japan ma ta taɓa sa wa jiragen yaƙi sunayen, kuma Kisaragi ya nutse a kusa da tsibirin Wake a Disamba 1941.

Zamanin Yayoi na tarihin Japan, lokacin da noman shinkafa ya bazu, ba daga watan kai tsaye ya samo suna ba. Daga wata unguwa ce a Tokyo inda aka tono tukunyar zamanin a 1884.

Idan littafin tarihi ya ce "wata na goma sha biyu", Disamba ke nan?

Kafin 1873, a'a, kuma nan masu fassara ke yawan zamewa. Harin da mayaƙan samurai 47 suka kai don ɗaukar fansar ubangidansu an rubuta shi 14 ga wata na goma sha biyu, shekara ta 15 ta zamanin Genroku. A lissafin Turawa ƙarshen Janairu 1703 ne, shekarar ma ta sauya. Duk da haka 14 ga Disamba ake taron tunawa da su a wurin bauta na Sengakuji da ke Tokyo. Yaƙin Sekigahara kuma 15 ga wata na tara ne a takardun lokacin, amma 21 ga Oktoba 1600 ne. Babu adadin kwanaki guda da za a ƙara a huta, saboda watan ƙarin da aka yi bayani a sama. Kowace shekara sai an duba jadawalinta.

Akwai abin da har yanzu ake lissafawa da tsohuwar kalandar?

Akwai. Kallon wata na kaka yana nan a daren 15 ga wata na takwas na tsohon lissafi, don ba yadda za a yi a kalli cikakken wata bisa kalandar rana. Okinawa tana Obon da wasu bukukuwanta da ita, haka Izumo. Sai rokuyō, jerin ranaku shida na sa'a da rashinta da ake bugawa da ƙananan haruffa a kalanda, wanda daga lambar wata da ta rana na tsohon lissafi ake fitar da shi. Ranar taian masu aure ke rububi, butsumetsu kuwa ana gudunta har wasu zaurukan biki kan rage kuɗi, kuma a ranar tomobiki ba a son jana'iza, wuraren ƙona gawa da yawa a rufe suke.

Hukuma ba ta kula da wannan kalanda yanzu, masu buga kalanda ne ke bin ƙa'idojin Tenpō. Ƙa'idojin kuma za su cije a 2033, shekarar da zangunan rana za su faɗo ta yadda dokokin saka watan ƙari za su ci karo da juna. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a maimaita wata na goma sha ɗaya, a yi Shimotsuki biyu.